Ganyena a Bishiyar Wani

Litinin, 6 ga Mayu

Malam Obed ya ce mutum ɗaya daga ƙungiyarmu zai je Kaduna ya nuna manhajar da muke yi wa manoman Randagi. Wai wanda ya fi aiki. To ta ina zai sani? Ni ko gaisuwa sai na shirya ta a zuci. Sadiya kuwa baki kamar rediyo, amma abin da ta rubuta a manhajar bai cika cokali ba.

Laraba, 8 ga Mayu

Na fara haɗa wani ɗan abu nawa. Zai karanta tarihin aikinmu, ya zana kowa a matsayin bishiya irin ta dajin nan, duk gyaran da mutum ya adana ya zama ganye. Ba sai na buɗe baki ba, Malam zai gani da idonsa. A littafin da nake karantawa ma haka ake gano jarumar, tana shiru abinta.

Asabar, 11 ga Mayu

Ya ƙi aiki. Ba wuta. Na ƙona tuwo, Umma ta yi faɗa.

Talata, 14 ga Mayu

Ya yi aiki. Da ma bai yi ba.

Bishiya ɗaya tal ta fito, ƙatuwa, ta Abdulsamad. Kwamfutarsa muke karɓa-karɓa dukkanmu, kuma sunansa ne a ciki, don haka duk abin da na rubuta tun azumi shi aka ba. Abin haushi, tun ranar farko ya ce, “Saliha, sa sunanki mana.” Na ce a bar shi haka. Daɗi nake ji in ga aikina ƙarƙashin sunansa. Sakarya kawai.

Sadiya ta leƙo ta ce, “Ashe Abdul kai kaɗai kake sha mana wahala.” Ya yi wannan murmushin nasa. Bai musa ba.

Alhamis, 16 ga Mayu

Malam ya zaɓe shi. Da zanena ya zaɓe shi, har yana yaba kyan ganyen.

Litinin, 20 ga Mayu

Na ce wa Abdulsamad, “Matsa, zan sa sunana.” A gaban kowa. Ya matsa.

Kaduna dai ta wuce. Yanzu kusa da ƙatuwar bishiyarsa akwai ɗan tsiro mai ganye biyu. Ba wani abu ba ne. Na dai daɗe ina kallonsa.

Littafin yana ƙarƙashin matashi, tun Talata ban buɗe shi ba, na bar jarumin tsaye a ƙofar gidan su yarinyar. Bari ya jira.