Maganin da Likita Ya Ba Ni, Kotu Ta Hana

Lexington, Maris

Kakata Loretta,

Gaisuwa mai yawa. Ya ƙafar taki, ya sanyin dutse? A gaida Kawu Boyd.

Kin ce in faɗa miki gaskiya, to ga ta. Tun da aka kama ni da ƙwayoyin nan, alƙali ta sa ni a shirin kotu na barin shaye-shaye. In na kammala, za a goge laifin, kuma kamfanin gwajin ruwan da ya ɗauke ni bayan na gama jami'a ya ce zai jira ni zuwa Yuni.

Matsalar ita ce maganin fargabar da nake sha tun ina sakandare. A gwajin fitsari ba a bambanta shi da na titi, don haka shirin ya hana shi. Likita ya ce in na bari farat ɗaya, jijjiga za ta iya kama ni. Na faɗa wa Madam Tackett, mai sa mana ido. Ta ce, "Ɗana, likitanka ne zai goge maka laifin?"

Na fara ragewa da kaina. Na gaji, Kaka.

Jikanki,
Dalton

Afrilu

Kaka,

Da fatan kina lafiya. Burodin masarar ya iso, na gode.

Tun da na daina maganin, bakina ke bushewa, sai ɗirkar ruwa nake yi. Ranar Litinin aka kira ni gwaji. Ba a sami komai ba, amma fitsarin ya tsinke da yawa, su kuwa a wurinsu wannan maguɗi ne. Wani tsohon ɗan shirin, Curtis, ya yi ta dariya: "Kai ɗan boko, kowa da abin da ya kawo shi, kai ruwan famfo ya kayar!"

An yanke mini kwana biyu a gidan yari, kuma zan koma matakin farko na shirin. Gobe zan shiga. Ki sa ni a addu'a a coci.

Dalton

Mayu

Kakata,

Ina gaisuwa. Kada hankalinki ya tashi, an sallame ni daga asibiti.

Washegarin shigata gidan yari jijjigar ta kama ni a layin abinci. Goshina ya fashe, an ɗinke. Da muka koma kotu, alƙali ta daɗe tana kallon ɗinkin, sannan ta ce, "Me ya sa ba wanda ya faɗa mini?" Madam Tackett ta sunkuyar da kai.

Yanzu an ba ni izinin shan maganin, likita zai riƙa rage mini a hankali. Amma matakin farko yana nan, ba zan gama ba sai baɗi. Jiya na kira kamfanin na faɗa musu. Matar ta yi mini fatan alheri, ta ce za su ɗauki wani.

Ina barci yanzu, Kaka. Iyakar abin da na samu ke nan.

Jikanki,
Dalton