Agogon Ƙirji

Zuwa ga Kakana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da gwiwoyinka da agogunanka. Na ɗauki biro ne tunda ka rantse ba ka hira a waya, wai ita ta kashe maka sana'a.

Karatun jinya dai ga shi nan, shekara ta biyu ta fi ta farko cin rai. Mu arba'in da ɗaya ne a aji. Duk ranar da muka shiga ɗakin gwaji sai malama ta ce a tsaya bibbiyu, kafin in ajiye jaka kowa ya kama hannun abokinsa. Ni ce ɗayar da ke saura. Sai a haɗa ni da mutum-mutumin roba da ke kwance a gadon ƙarshe, kusa da taga. Na yi masa wanka, na juya shi, na naɗe masa ƙafa ba adadi. Mutumin kirki ne, bai taɓa yi mini gardama ba, ka ga ya fi ka. Aibinsa ɗaya, ba shi da bugun jini. Don haka nawa nake ƙirgawa, yatsu biyu a wuyan hannuna, ido a kan agogo.

Abokiyar ɗakina 'yar garin nan ce, a gidansu take kwana, akwatinta kawai na sani. Sai in wuni ban buɗe baki ba in ban da amsa sunana a aji. Ina jin kaɗaici, Kaka, ba zan ɓoye maka ba.

Ga dalilin wasiƙar. Agogon da ka maƙala mini a ƙirji ranar da zan taho ya tsaya. Na murza kansa, na girgiza, shiru. Saura mako biyar jarrabawar gwaji, ba a shiga da waya, dole sai da agogo mai tsinken sakan. Ga shi nan na naɗe a auduga. Akwai masu gyara a nan, amma ba hannun da zai buɗe shi sai naka.

Jikarka,
Ƙarangiya

*

Ke Ƙarangiya,

Wa alaikis salam. Lafiyata lau, gwiwoyi suna gaishe ki.

Ashe kin yi miji a can ba ki faɗa mini ba, har da yi masa wanka? To na yafe, tunda na roba ne. Tun kina shekara huɗu, da aka kawo mini ke bayan rasuwar iyayenki, kike manne da ƙafar wandona har sunan nan ya bi ki. Yanzu a ce kin rasa wanda za ki manne wa cikin mutum arba'in? Ki buɗe baki ki yi sallama, ba sa cizo.

Agogo ya iso. Na kara a kunne, na san ciwonsa, datti ne ya toshe masa numfashi. Aikin kwana uku ne. Gara da ba ki kai wa irin Mai Batir ba, yaron nan na tsallaken titi da ya buɗe rumfa yana kiran kansa mai gyara. In ya ga agogon da ba batir a cikinsa sai ya yi ta juya shi kamar ya tsinci kunkuru.

Shago na nan yadda kika san shi. Nakan buɗe da safe, in murza agogunan bango, in zauna in saurare su.

Ki ci abinci, ki yi karatu. Allah ya yi miki albarka.

Kakanki

*

Kaka,

Ina gaisuwa. Mako biyu ke nan, kwana ukun ba su cika ba. Kai da ka taɓa gyara agogon liman tsakanin azahar da la'asar.

Ba agogon ne ya hana ni sukuni ba. Ranar Talata wani likita ya yi mana darasi a kan ciwon karkarwa da ke kama manya. Ya ce sau da yawa kafin mutum ya yarda yana da shi, rubutunsa ya riga ya faɗa. Zai fara layi da manyan baƙaƙe, kafin ya kai ƙarshe sun ƙanƙance sun cunkushe. Ya nuna mana hoto a allo. Kowa na rubutu, ni kuwa biro ya faɗi daga hannuna.

Da na koma ɗaki na fito da wasiƙunka duka, goma sha bakwai, na jera su a gadon da ba mai kwana a kai. Ta farko daga bakin ƙofa ina iya karanta ta. Ta ƙarshe sai da na kai ta taga. Sai na tuna hutun da ya wuce, yadda kake cusa hannun dama a aljihu in muna hira, da yadda ka ce in zuba maka shayi wai don ka more jika.

Ni ɗaliba ce, ban isa in ce ga abin da ke damunka ba. Amma ka je asibiti, don Allah. Akwai magani mai sassautawa. In ba za ka je ba, zan ajiye karatun bana in dawo in kai ka da kaina.

Jikarka

*

Ƙarangiya,

Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. An koya miki ciwo ɗaya ranar Talata, kafin Laraba kin samo masa mai shi. Biron ne siriri, takarda kuma ba ta da faɗi. Shekara hamsin ina kama abin da bai kai ƙwayar yashi ba da matsefata, yau ke za ki duba mini hannu daga nesa?

Maganar dawowa kuma kada in sake ji. Ban raine ki don ki zo ki tsare tsoho ba.

Agogo yana hanya.

Kakanki

*

Kaka,

Na gaishe ka. Na ji faɗan, na kuma karɓa. Sai dai wasiƙar faɗan ma, layinta na ƙarshe da ƙyar na gane shi.

Kwana goma ina zuwa wurin karɓar saƙo, har matar da ke wurin ta fara girgiza mini kai tun daga nesa. Da na so, da na ari agogo. Ban ara ba, don in na ara kamar na yarda ke nan cewa naka ba zai zo ba.

Na karɓo takardar jingine karatu, na cike ta, saura sa hannu. Ranar Juma'a mai zuwa za a rufe karɓa. Ba barazana nake yi ba. Ina nan ina koyon yadda ake kula da mutane a jikin roba, alhali mutum ɗaya tak da nake da shi a duniya yana can yana kokawa da maɓallin riga shi kaɗai. Wannan lissafin ya ƙi shiga kaina.

In ka fi son in zauna, ka san abin da za ka yi.

Jikarka mai taurin kai irin naka

*

Ƙarangiyata,

Assalamu alaiki. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Na buɗe agogonki tun ranar da ya iso. Sau uku ƙaramar ƙusa tana tsalle daga matsefata, na ƙarshe sai da na yi rarrafe a ƙarƙashin tebur ina lalube. Nan na zauna a ƙasa na daɗe. Wata takwas ke nan ban gyara komai ba, duk wanda ya kawo sai in ce ba kayan aiki.

Litinin na je asibiti. Likita ta sa na yi tafiya, na taɓa hanci, na rubuta sunana. Abin da kika faɗa shi ta faɗa, sai dai ita ta fi ki ladabi. Ta ba ni ƙwayoyi, in koma bayan wata guda. Akwai wata ɗaliba irinki a tsaye can baya, an bar ta ita kaɗai tana riƙe da littafi. Na ce ta zo ta ƙirga mini bugun jini. Hannunta ya fi nawa rawa. Sau biyu ta ɓata ƙirga, na ce ta sake, ba inda za ni.

Daga can na tsallaka titi. Na shiga rumfar Mai Batir na ce, "Ɗana, ara mini hannunka." Ya miƙe ya ba ni kujerarsa. Na zauna ina faɗa masa, ɗaga wannan, sassauta wancan, kada ka yi numfashi a kai. Wuni guda muka yi. Yaron ba laifi, kunne ne da shi. Ya ce in riƙa zuwa, na ce zan duba.

Ga agogonki yana tafiya. Idona ne ya gyara shi, ba hannuna ba, ki yi haƙuri da wannan.

Na saka miki gilashin idona na aiki a cikin audugar. Likita ta ce rubutun zai iya ci gaba da ƙanƙancewa, ni kuma ba zan daina rubuto miki ba. Gidan ya yi mini girma tun da kika tafi, amma ki yaga takardar nan.

Kakanki

*

Kaka,

Na yaga. Agogon yana ƙirjina, gilashin yana ƙarƙashin matashi, da shi na karanta layin ƙarshe sau uku.

Litinin jarrabawa, ka yi mini addu'a. In an ba da hutu ina tafe. Ka tanadar mini wuyan hannunka, na daman, mai rawar. Kada ka sa shi a aljihu.

Taka,
Ƙarangiya