Na bar muryar ƙawata yadda take

Assalamu alaikum, ma'abota wannan shafi. Don Allah a ɓoye sunana, kuma a karanta zuwa ƙarshe kafin a yanke min hukunci.

Ni ɗaliba ce a Aliero, 'yar Jega. Mu uku muke wani ɗan shirin fodkas da waya, wato shirin murya da ake saurara a intanet: Murja tana zana hoton kowane shiri, Hajara tana rubuta labari ta karanta, ni kuma, da ba na iya magana cikin mutane, nake tacewa in ɗora. Sunayen ba nasu ba ne. Tun farko Hajara ta kafa min sharaɗi guda: in sauya mata murya, kada kowa ya gane ta. Mahaifinta ya rasu, Baffanta ne ke riƙe da ita, kuma da ƙyar ya yarda ta zo karatu.

Wata biyu da suka wuce ta kawo labarin wani mutum da ke matsar da iyakar gonar albasar marayu, fangali ɗaya duk shekara, a hankali yadda ba mai lura. Tana karantawa muryarta ta karye a tsakiya, sannan ta ci gaba. Ban tambaye ta gonar wa ce ba. Wa zai buƙaci tambaya? Da na sauya muryar sai wannan wurin ya koma kamar wasan yara. Sau bakwai ina gwadawa. Na ce a raina rubutu irin wannan ya cancanci a ji shi da gaskiyarsa, kuma mutum nawa ne ma ke sauraronmu? Sai na ɗora muryarta ta asali. Na san ba za ta gane ba, don kunya ba ta barinta ta saurari kanta, Murja kuwa ta ɗauka mun yi shawara da Hajara. Da gangan na yi, ba kuskure ba ne, kuma har daɗi na ji da mutane suka fara yabawa.

Shirin ya bar hannunmu. Wani ya tura wa wani, har Murja ta ji shi a wayar ɗan kabu-kabu a Maiyama. Na goge, amma me gogewa za ta yi ga abin da ya shiga wayoyin jama'a?

Shekaranjiya Baffa ya kawo albasa kasuwa, ya aiko a kira ni, ba Hajara ba. Na durƙusa na gaishe shi, ya tambayi mutanen Jega da karatu, har ya ce a zuba min albasa a leda. Sannan ya ciro waya ya kunna daidai wurin da muryar ta karye. Bai ɗaga murya ba.

"Ɗiyata, an ce ke ka haɗa abin ga. Wagga murya ta wa ta?"

Na ce masu turo mana labari suna da yawa, sai na duba. Ya yi murmushi, ya ce ba gaggawa, ai ya ji ni yarinya ce mai ajiye komai a rubuce. Ya ce Juma'a zai dawo ɗaukar Hajara hutu, ya ƙara da cewa ta haɗa kayanta duka, har katifa. Wa ke tafiya hutun sati biyu da katifa?

Hajara ba ta san komai ba. Idan na faɗa mata, na rasa ta, amma wataƙila ta samu wanda zai shiga tsakani. Idan na yi shiru, za ta bi Baffa ba ta san abin da ke jiranta ba. Na yi tunanin in ce ni na rubuta, amma mutumin da ya raine ta zai kasa gane muryarta?

Yau da safe ta miƙo min sabon labari tana dariya, ta ce, "Ke dai ki ci gaba da ɓoye ni, 'yar uwa, ni kuma in yi ta rubutu."

Na karɓa. Jibi ce Juma'a. Me zan yi?