Waƙarmu Ta Ci Kyauta, Saura Ka Kira Babana

Zuwa ga Shugaban ƙungiyarmu ta ɗalibai 'yan gida a Kuala Lumpur,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, ya ƙoƙari?

Ni ne Mubarak, mai jita kuma mai rera waƙa a ƙungiyar kiɗan rok ɗin nan da ka sa hotonta jiya a zaurenmu na WhatsApp, ka ce mu ne abin alfaharinku, har kana gayyatarmu wasa a taron ɗalibai. Na gode. Amma da sauran magana.

Na farko. Lokacin kullen korona muka haɗa waƙarmu ta farko, "Ƙofa a Rufe", a ɗakina da ke Cheras. Katifu muka jingina da bango don kada maƙwabta su kai ƙara. Bitrus ɗan Jos ne mai ganga. Azlan, abokinmu ɗan ƙasar nan, daga Kampung Baru yake turo nasa kiɗan ta waya. Ajinmu na intanet kuwa ban taɓa fashi ba.

Na biyu. Ka ga ɗan bidiyonmu, ka gan ni da suma buzu-buzu, ko tambayata ba ka yi ba ka buga wa Babana waya a Kano, wai na bar karatu na bi 'yan shaye-shaye. Haba Shugaba! Wane shagon aski ne a buɗe a lokacin? Kai ma hula ce ta rufa maka asiri. Tun daga ranar Baba bai sake ɗaga wayata ba, kuma wallahi abin yana ci mini rai.

Na uku, kuma da bakina nake son ka ji. Waƙar ta fito, gidajen rediyo suka ɗauka, ta yi ta hawa har ta zauna a lamba ɗaya. Na je karɓo abinci a shagon mamak, wato gidan abincin Indiyawan garin nan, na ji mai soya gurasar roti yana rera amshinta da Hausarsa ta koyo, saura kaɗan in yi kuka. Makon jiya aka ba mu kyaututtuka biyu: waƙar rok mafi fice, da sabuwar ƙungiya mafi fice. Da takunkumi a fuska muka karɓa, amma kowa ya ga muna dariya. Jarrabawata ma na cinye. Alhamdulillahi!

Umma ta ce Baba ya sa ƙanwata ta kunna masa waƙar, da ta ƙare ya ce a maimaita. Amma har yanzu bai neme ni ba. Na san halinsa: maganar da babba ya faɗa masa, sai babban ya warware ta.

Don haka roƙona ɗaya ne. Ka kira shi, ka ce masa ka yi kuskure. Ranar da Baba ya ɗaga wayata, za mu zo taronku mu yi wasa kyauta, har da askina.

Allah ya ƙara maka basira, ya sa ka sauke nauyin shugabanci lafiya.

Wassalam.

Naka,
Mubarak