Takunkumin da Na Ɗinka wa Jikata

Assalamu alaikum mai wannan shafi da masu karatu. Don Allah a sakaya sunana, kuma kada a yi mini ca. Dattijo ne ni, kunya ta riga ta gama da ni.

Ni tela ne a Funtua. Ina da jika, bari in kira ta Binta, tana aiki a wurin gurzar auduga. Ƙura ta sa mata tari, sai na ɗinka mata takunkumi irin wanda na yi ta ɗinkawa lokacin korona. Don kada ƙura ta ratsa, na yi masa shafi da yadin lema, ina ganin dabara na yi. Na ce mata, "Amarya, kada ki riƙa wanke shi kullum, ɗinkin zai saki." Ta yi dariya ta ce, "Tsoho, rowar zare dai kake yi." Wuni take da shi, gumi na taruwa a ciki. Ba a jima ba ƙuraje suka feso mata daga haɓa zuwa kumatu, daidai inda takunkumin ke kwanciya.

Ƙawarta, ita kuma in ce Saratu, ta kawo mata man kaɗanya. Kiristoci ne daga wajen Malumfashi, katanga ɗaya ta raba mu, ni na ɗinka wa yarinyar kayan makaranta tun tana ƙarama. Da Binta ta shafa, abin ya ƙaru. Uwarta, matar ɗana, ta rantse an zuba wani abu a man, wai hassada ce.

Ni na raka Binta asibiti. Wata ma'aikaciyar jinya ta juya takunkumin ta ce, "Baba, wa ya ɗinka wannan? Ai fata ba ta shan iska a ciki." Na ce a kasuwa aka saya. Binta ta dube ni, ta sunkuyar da kai. Matar ta ce a koma na auduga zalla, a wanke kullum a shanya a rana, ta riƙa wanke fuska da sabulu marar ƙarfi, ta daina matsa ƙurajen. Man kaɗanyar kuwa ta ce ba komai a cikinsa, nauyi kawai ya yi wa fatar da ta riga ta toshe. Da muka dawo gida me na faɗa? "An ba da magani." Shi ke nan. Wane irin kaka ne wannan?

Fuskar tana warkewa, amma maganar ta fita unguwa. Saratu ta daina bi ta ƙofarmu. Samarin da ke zama a bakin shagona sukan yi tsit idan mahaifinta ya zo wucewa. Shekaranjiya an jefi kwanon ɗakinsu da dutse. Jiya yayan Binta ya ce mini, "Kaka, ranar Juma'a bayan masallaci za mu shiga gidan nan mu ji abin da aka zuba a man." Ba shi kaɗai zai je ba, na ga waɗanda yake yawo da su.

Yau da safe Binta ta ajiye takunkumin a kan kekena ta ce, "Ni ba zan tona ka ba, Kaka. Amma Saratu ba ta cancanci wannan ba." Ba ta kira ni Tsoho ba, ba ta yi dariya ba.

Idan na yi magana yanzu, za a yarda, ko za a ce tsufa ne ya sa nake kare maƙwabta? Takunkumin yana aljihuna, Juma'a kuma jibi ce. Jama'a, me zan yi?