Abin Da 'Yar Shekara Uku Ta Sani

Litinin, 5 ga Fabrairu 2024, Libreville

'Yata Prisca ta tafi Port-Gentil da safe, aikin mako biyu. Ta bar mini 'yarta Ornella, mai shekara uku. Tun da uwar ta fita yarinyar ta kafe a bakin ƙofa, ba kuka, ba magana. Na ce ta zo ga burodi da madara, ta ce, "Mami, ina jiran Mama." Mami take ce mini, wato kaka. Na koma kan keken ɗinki, zare ya ƙi shiga allura. Ni da na tsufa a sana'ar nan.

Laraba, 7 ga Fabrairu

Ornella ta san sunanta, ta san sunan karen maƙwabta. Ta shinshina zanin da Prisca ta manta ta ce na Mama ne. Waƙoƙi kuwa, har da wadda ta ƙirƙira da kanta.

Tun ina ƙarama ake ce mini, "Léontine, kin yi sa'a, kina 'yar shekara uku aka sauko da ke daga jirgin saman da ya kwaso yaran yaƙin Biyafara, ba ki san komai ba." Fiye da shekara hamsin ina gaskata wannan magana. To yau ga 'yar shekara uku a gabana. Ashe ni ma na san wani kare. Ashe na san ƙanshin zanin wata.

Alhamis, 8 ga Fabrairu

Ruwa tun safe. Ban buɗe shago ba.

Asabar, 10 ga Fabrairu

Da rana Ornella ta yi barci, ni ma na kishingiɗa. Abin nan ya sake zuwa, ba barci ba, ba ido biyu ba. Jar ƙasa. Hayaƙin itace yana tafiya a hankali kamar ba shi da wurin zuwa. Ƙafafun wata mata, dugaduganta duk kaushi. Ina ɗaga kai sai haske ya rufe fuskar. Murya kawai: "Bia. Bia."

Ban taɓa gaya wa kowa ba. Ko Anicet, uban Prisca, bai ji ba, shi da na bari tun kafin ya yi tunanin barina. Na riƙe kalmar a matsayin sunana na ainihi. Da ina budurwa, in muka saɓa da Mama Eugénie, wadda ta raine ni, a zuci nake cewa, yi ta faɗa da Léontine, ni Bia ce. 'Yan ƙabilar Ibo sun cika garin nan, amma ban taɓa tambayar ko ɗaya ba. Abu ɗaya tak na fito da shi daga can, ban so a taɓa mini shi.

Talata, 13 ga Fabrairu

Kasuwar Mont-Bouët, wajen Uloma mai atamfa, 'yar Ibo. Na daɗe ina sayayya a wurinta, da Faransanci muke ciniki. Ina duba wani yadi Ornella ta sulale bakin hanya. Sai Uloma ta ƙwala kira, "Bia! Bia!"

Na saki yadin, na juya gare ta.

"Wa kike kira?"

"Jikarki mana, kafin mai baro ya take ta."

"Me ya sa kika ce mata Bia?"

"Au, yarenmu ne ya kuɓuce mini. Zo nan, shi ke nan ma'anarsa. Ke lafiya? Kin yi kamar wadda ta ga fatalwa."

Na zauna a kan dilar kayanta na gaya mata. A tsakiyar kasuwa, ni. Ta daina dariya, ta daɗe tana kallona. Can ta ce, "Ashe 'yar gida ce ke, duk shekarun nan kina matse ni a ciniki kamar baƙuwa!" Ta kama haɓata tana juyawa, wai goshin nan irin na mutanen wajen su kakarta ne. Na san ba ta sani ba. Na bar ta ta juya.

Laraba, 14 ga Fabrairu

Ba ni da wani suna ke nan.

Amma yini guda ina sake sauraron muryar. Ba kiran faɗa ba ne. Irin kiran mai riƙe da kwano ne, ko wadda ta ɗumama ruwan wanka.

Jumma'a, 16 ga Fabrairu

Na je unguwar Glass wajen Mama Eugénie. Ta kusa casa'in, idanunta sun yi hazo, tana zaune tana fuskantar teku ko da yake ba ta ganinsa. Na ce, "Mama, yaya nake lokacin da kuka ɗauko ni?"



"A bakin ƙofa kike tsayawa," ta ce, "da takalman da na saya miki a hannu. Kina ɓoye rogo a cikin matashin kai har ya yi tsami. In na taɓa ki sai ki sandare kamar itace."

"To me ya sa kuka ce ban san komai ba?"

"Tsoro, 'yar nan. In mota ta tsaya a ƙofar gida sai in ce ga uwarki nan ta zo karɓar abinta. Da yaƙi ya ƙare aka yi ta mayar da yara gida, ke ba a samu danginki ba. Na yi murna. Allah Ya yafe mini, murna na yi, har coci na je na kunna kyandir."

Na ɗauki jakata. Ta ce ga kaza da miyar kwakwar manja, tun jiya ta sa aka dafa saboda ni. Na ce na ƙoshi. A cikin tasi na yi ta rawar jiki, Ornella tana shafa hannuna tana cewa, "Mami, sanyi?"

Asabar, 17 ga Fabrairu

Kyandir. Wata tana can ƙila tana bin gari gari tana nemana, ita tana kunna kyandir.

Ko kuma matar ba ta kai ƙarshen yaƙin ba. Wannan ba zan taɓa sani ba.

Litinin, 19 ga Fabrairu

Prisca ta dawo. Ta durƙusa ta buɗe hannu, Ornella ta juya mata ƙeya, ta fuskanci bango. "Ke, 'yar rainin hankali, ni za ki yi wa yanga?" Sai da aka jima ta ruga ta cusa kai a wuyan uwar, har da cizo. Na shige kicin. Prisca ta biyo ni, wai me ya sami idona. Na ce hayaƙi. Ta kalli murhun, ko kunna shi ba a yi ba.

Alhamis, 22 ga Fabrairu

Na kai wa Mama Eugénie rigar cocinta da na rage wa tsawo. Niyyata in ajiye in juya. Ta lalubo kaina ta ce, "Wannan wane irin daji ne? Zauna in tsefe miki, kada a ce ba ki da uwa." Na zauna a ƙasa don kada in yi gardama da tsohuwa. Tana ja da zafi, tana 'yar waƙarta ta yarensu na Miyene wadda ban taɓa tsayawa na ji ƙarshenta ba.

Da na farka rana ta yi ƙasa, teku ya yi jawur, kaina yana kan cinyarta. Ƙafarta ta mutu tun tuni, ta ƙi motsawa.

Ban ce na huce ba. Gajiya ce, ga zafin rana.

Gobe dai sai na koma, rabin kan ta tsefe.