Ko Liman Ana Ce Masa Subhanallah

Zuwa ga Mai Girma Kansilanmu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya iyali, ya kuma fama da jama'a, musamman irina masu yawan tambaya?

Ni ne Sule ladan, wanda ka sallama daga kwamitin rabon taki a farkon daminar bana. Laifina kawai na ce a sauke buhunan a ƙofar masallaci, a raba a idon kowa. Ka ce mummunan zato haramun ne, kai jikan malamai ne, ba ka bukatar mai gadi. Ka rushe kwamitin, ka kai takin shagon surukinka a Batsari, wai don amana.

Na ɗaya, ina taya ka murna. Mu dai a zaure an karantar da mu cewa Allah ya halicci ɗan Adam da kyakkyawan asali, ya ba shi amanar ƙasa, amma ya haɗa shi da zuciya mai son kanta. Shi ya sa aka ce shugaba ya yi shawara, a kuma sa masa ido. Ashe kai an cire maka taka zuciyar ranar rantsuwa. Wallahi ban san muna da ma'asumi a unguwa ba.

Na biyu, da muka tare ka ranar kasuwa muka ce taki ya yi ɓatan dabo, sai ka ce mu yi haƙuri, ɗan Adam ajizi ne. To wanne za mu ɗauka? Ranar rabo kai waliyyi, ranar tambaya ajizi?

Na uku, dawata ta koma ruwan ɗorawa, ta surukinka kuwa kore shar. Wataƙila addu'arsa ce ta fi tawa karɓuwa. In taki bai zo kafin dawa ta yi ciki ba, rumbuna wayam zai kwana bana, kuma da shi nake ciyar da iyalina. Raina a ɓace yake, ba zan ɓoye maka ba.

Jiya a sallar la'asar limaminmu ya miƙe zai kawo raka'a ta biyar. Na ce Subhanallah. Ya zauna, ya yi ba'adi, bai kore ni daga sahu ba. Kuma ya fi ka karatu nesa.

Roƙona, ka dawo da kwamitin ko da babu ni a ciki, ka fito da takin nan. Allah ya ƙara maka lafiya, ya haɗa ka da masu tuna maka in ka yi rafkanuwa.

Subhanallah, Kansila. Ka miƙe ta biyar, muna bayanka a zaune.

Wassalam.